Haidirojel mai jin enzayim: wa ke riƙe da ragamar magani, likita ko ciwo?

Bilkisu: Assalamu alaikum, malamaina. Ina renon ƙwayoyin faibirobilas, masu saƙa zaruruwan da ke riƙe naman jiki, a cikin haidirojel na PEG, wata folima ta roba, amma sun ƙi miƙewa. Suna raye, sai dai suna nan a dunƙule yadda na zuba su, alhali a kan farantin reno lafiya lau suke bajewa. An ba ni shawarar in sa feftayid, wato ɗan guntun furotin, wanda enzayim ɗin MMP ke iya yankewa, a mahaɗar ragar. Da na shiga karatu sai na ga wai irin wannan jel ɗin ne ake so ya riƙa sakin magani da kansa idan ciwo ya motsa. Shin abu ɗaya ne? Kuma da gaske ya kai yadda ake zuzuta shi?

Usman: Wa alaikumus salam. Yaya Bilkisu, kafin manya su fara, a taimaka wa mu 'yan aji biyu. Mene ne haidirojel ɗin ma tukuna?

Malam Nasiru: Usman, ka ɗauki dogayen zaruruwan folima masu son ruwa, ka ƙulla su da juna a wurare da yawa har su zama raga. Ragar za ta sha ruwa ta kumbura, amma ƙullin ba zai bari ta narke ba. Sau da yawa fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinta ruwa ne. Otto Wichterle da Drahoslav Lím ne suka fito da na roba don amfani a jiki, a birnin Firag, a 1960, kuma daga aikinsu aka samu tabarau mai laushi da ake mannawa a ƙwayar ido.

Bilkisu, matsalarki ta girma ce. Idon ragar PEG bai wuce 'yan nanomita zuwa 'yan gomomi ba, ita kuwa ƙwayar halitta ta kai maikiromita goma ko fiye. Kusan ninki dubu ke nan. Ba ta da ta inda za ta miƙa ko yatsa. A cikin jiki ma kewaye take da kolajin da sauran furotin, amma can tana fitar da enzayim, wato furotin masu hanzarta aikin sinadarai, ta yanka wa kanta hanya. Manyan masu wannan aiki su ne dangin MMP. Jerome Gross da Charles Lapiere ne suka gano na farko a 1962, a wutsiyar talibambam lokacin da take narkewa zai zama kwaɗo. Mutum yana da fiye da iri ashirin, kuma duk sai da zinki suke aiki. To PEG ba furotin ba ne, MMP ba ta san shi ba. Abin da Jennifer West da Jeffrey Hubbell suka yi a 1999, sannan Matthias Lutolf da Hubbell suka faɗaɗa a Zurik a 2003, shi ne su sa ɗan guntun furotin a daidai ƙullin. Wanda ya fi shahara shi ne GPQGIWGQ (kowane harafi amino asid ɗaya ne, tubalin ginin furotin), an kwaikwayo shi daga wurin da ake yanke kolajin, an sauya harafi ɗaya don ya fi saurin yankuwa. Enzayim ɗin yana yanka tsakanin G da I, ƙulli ya kwance, hanya ta buɗe a nan kawai inda ƙwayar take.

Dakta Zainab: Haka yake, sai dai a ƙara abu ɗaya: yanka kaɗai ba ya isa. PEG santsi gare shi, ƙwaya ba ta da abin kamawa. Dole ki rataya RGD, haruffa ukun da ƙwaya ke kamawa, waɗanda Pierschbacher da Ruoslahti suka gano a jikin furotin faibironektin a 1984. Idan akwai RGD babu wurin yanka, za ta kama amma ba ta motsa ba. Idan akwai wurin yanka babu RGD, za ta narka kewayenta ta zauna a rami. Sai an haɗa biyun.

Kuma ƙanwata, kada ki ɗauki dunƙulewar nan a matsayin abin ado. Ikon ƙwaya na yanke raga da jan ta yana sauya makomarta. A 2013 Sudhir Khetan da Jason Burdick a Jami'ar Fensilbaniya sun zuba iyayen ƙwayoyi na ɓargo, masu iya rikiɗa su zama ƙashi ko kitse, a cikin jel na hayaluronik asid iri biyu masu tauri kusan ɗaya. Wanda ƙwayoyin ke iya yankewa, sun miƙe, sun ja ragar da ƙarfi, suka karkata zuwa ƙashi. Wanda aka toshe yankan, sun dunƙule suka karkata zuwa kitse. Ƙwaya ɗaya, ruwan reno ɗaya. Tun 2006 aikin Engler da Discher ya nuna taurin shimfiɗa yana juya makomar ƙwaya, amma wancan a saman jel ne. A ciki, tambayar ita ce ko ƙwayar na da ikon gyara ɗakinta.

Bilkisu: Na gode Anti Zainab. RGD na sa, wurin yankan ne babu. To ɓangaren maganin fa?

Dakta Aminu: A nan ne nake so in sa baki. Abin da kuka faɗa a kan reno ban da ja. Amma maganar sakin magani, ni ina da damuwa babba. Duk aikin likita a kan magani ya ta'allaƙa ne a kan sanin adadi: nawa na ba shi, yaushe, nawa ya rage a jini. Ku kuna cewa in zuba wa majiyyaci ma'ajiyar magani ta wata guda a gwiwa ko a zuciya, in bar wa enzayim ya yanke hukuncin nawa zai fita yau. Enzayim ɗin nan ba ɗaya yake a jikin mutum biyu masu ciwo ɗaya ba. Ko a mutum ɗaya yana hawa yana sauka. Sannan yawancin MMP ana fitar da shi ne a kulle, sai an cire masa wani ɓangare kafin ya fara aiki, ga kuma furotin na jiki da ake kira TIMP, iri huɗu, da ke bin sa suna danne shi. Wato ko ka auna yawansa ba ka san ƙarfinsa ba.

Kuma mu tuna marimastat, maganin toshe MMP. A shekarun 1990 an ɗora buri mai yawa a kan magungunan da ke toshe MMP don hana kansa yaɗuwa. A ɓeraye sun yi kyau. A mutane ba su tsawaita rai yadda aka sa rai ba, sai ciwon gaɓɓai da na tsoka da suka jawo. Darasin da aka koya shi ne ba mu fahimci dangin nan ba kamar yadda muka zata, wasu ma kare jiki suke yi. Yanzu a kansu za mu jingina adadin magani?

Hajiya Rabi: Dakta, ranka ya daɗe, ai ka daɗe kana rubuta magungunan da enzayim ke buɗewa. Sulfasalazine, maganin kumburin hanji, fa? Tun shekarun 1940 ake amfani da shi. Yana wuce ciki da ƙaramin hanji yawancinsa a ɗaure, sai ya isa babban hanji bakteriyar wurin su yanke mahaɗar azo, maganin ya fito a inda ake buƙatarsa. Brentuximab vedotin, maganin kansa da aka amince da shi a 2011, gubar da ke jikinsa ɗaure take da haruffa biyu, balin da sitirulin, sai ƙwayar kansa ta haɗiye shi katefsin ya yanke. Kai, ko gudan jini ma haidirojel ne mai jin enzayim daga farko har ƙarshe: turombin ya yanke faibirinojin ya zama raga, fakta 13 ya ƙara ƙulli, idan rauni ya warke filasmin ya narkar. Likitocin tiyata suna amfani da gam ɗin faibirin a kan wannan tsari. Tunanin ba baƙo ba ne a asibiti.

Dakta Aminu: Hajiya, misalan nan sun yi, amma ki lura da bambancin. Sulfasalazine ni nake ƙayyade nawa zai sha kullum, enzayim wuri kawai yake zaɓa. Idan na ga matsala na ce a daina, gobe babu. Jel ɗin da ake magana a kai, wuri da lokaci da adadi duk an miƙa su ga ciwo.

Hajiya Rabi: Gaskiya ne, wannan bambancin yana nan. Ni nawa ƙorafin ma daban ne, na masu harhaɗa magani. Mutane suna zana hoto kamar magani yana zaune a cikin raga yana jiran a yanke. Ƙaramin magani irin su sitiroyid bai kai nanomita biyu ba, idon ragar ya fi shi girma nesa. Tun ranar farko zai sulale ya fita, da enzayim ko babu. Babban furotin irin antibodi, mai kusan nanomita goma, shi ne raga mai ƙananan idanu za ta iya tsarewa. Duk takardar da na ɗauka, abin da nake fara dubawa shi ne sakamakon gwajin da babu enzayim. Idan rabin maganin ya fita a kwanon da ba a sa komai ba, to sunan kawai aka ba shi.

Malam Nasiru: Shi ya sa masu aikin da gaske ba sa dogara da idon raga kaɗai. Hanyoyi uku na sani da ke aiki. Ko ka ɗaure maganin a jikin zaren ta hanyar feftayid ɗin da za a yanke, ko ka sa caji ya riƙe shi, ko kuma ka ɓoye shi a cikin wani ɓangare mai maiƙo da ruwa ba ya shiga.

Na biyun shi ɗakin binciken Burdick ya yi a 2014, kuma a aladu, ba ɓeraye ba. Bayan bugun zuciya MMP yana yin yawa a wurin da ya mutu, yana cinye bangon zuciya har ta buɗe ta yi rauni. Sai suka yi jel na allura da MMP ke narkarwa, suka sa masa dekstiran salfet mai caji ya riƙe TIMP-3. Inda MMP ya yi yawa, nan jel ɗin ke narkewa ya saki abin da zai danne MMP ɗin. Idan ya lafa, narkewar ta ragu. Dakta Aminu, ka ga wannan ya amsa wani ɓangare na maganar marimastat, domin matsalar wancan ita ce ya bi jini ya toshe MMP a duk jiki har da gaɓɓai masu lafiya. Wannan a wurin ciwon kawai yake.

Na ukun kuma ɗakin Jeffrey Karp ne a Boston. A 2015 su da abokan aikinsu sun yi jel daga askobil falmitet ɗauke da sitiroyid ɗin dexamethasone, ana ɗura shi ta dubura, yana manne wa bangon hanjin da ya kumbura a ɓeraye. A 2018 suka yi wani daga tiraigiliserol monosteyaret ɗauke da sitiroyid ɗin triamcinolone don amosanin gaɓɓai. Sun nuna yana ɓarkewa a cikin ruwan gaɓa da aka ɗebo daga masu amosanin, kuma a ɓeraye saurin narkewarsa yana bin tsananin kumburin.

Dakta Aminu: Aikin aladun nan ya burge ni, domin abin da ke buɗe jel ɗin shi ne ainihin abin da ake yaƙa. Ko da an samu kuskure, kuskuren yana gyara kansa. Na gwiwar ne ya fi tayar mini da hankali, kuma ga dalili. Majiyyaci ya zo gwiwa ta kumbura tana zafi. Abu na farko da kowane likita zai kawar shi ne ko bakteriya ce ta shiga gaɓar, domin wannan na iya cinye guringuntsi cikin kwanaki. Gaɓar da ta kamu da bakteriya cike take da fararen ƙwayoyin jini suna zubar da MMP-9 da ilastes. Jel ɗinku ba ya bambance wannan da tashin amosani. Zai ga enzayim ya yi yawa ya juye sitiroyid a wurin da sitiroyid ke danne garkuwar da ake buƙata. Ni da hannuna ba na yin allurar sitiroyid a gaɓar da nake zargi. Ma'ajiyar da ke ciki tun makonni uku ba za ta tambaye ni ba.

Na biyu, bayan ciwo ya tashi sau ɗaya da ƙarfi, nawa ya rage a ciki? Yaushe zan ƙara? Ba ni da ma'auni.

Dakta Zainab: Wannan tambayar ta gwiwa mai nauyi ce. Kuma abin da ya sa nake cewa a reno ne fasahar ta fi nuna, domin a can idan jel ya yi abin da ba ka so, ka zubar ka sake.

Amma ko a reno, kada Bilkisu ta tafi da tunanin cewa duk abin da ya fi yankuwa ya fi kyau. Tun da Toshiro Sato da Hans Clevers suka reni ƙananan hanji a kwano a 2009, Matrigel ake amfani da shi. Ana samo shi ne daga wani ƙari na ɓera, yawancinsa laminin ne da kolajin na huɗu, sai ɗimbin wasu furotin da ba kai ka zaɓa ba, kuma adadinsu kan bambanta daga wannan kwalba zuwa waccan. Ba abu ne da za ka reni ƙwaya a ciki ka dasa wa mutum cikin kwanciyar hankali ba. A 2016 Nikolce Gjorevski da Lutolf a Lozan suka gwada maye gurbinsa da PEG. Abin da suka gano shi ne iyayen ƙwayoyin hanji suna son wuri mai ɗan tauri, wajen kilofaskal 1.3, don su hayayyafa, ta hanyar furotin YAP. Idan lokacin rarrabuwa ya yi kuma suna son laushi da laminin. Mafitar da suka samu ita ce jel mai laushi a hankali ta hanyar ruwa da ke warware wasu ƙulle-ƙullen cikin kwanaki, wato saurin da mai bincike ya tsara, ba wanda ƙwayar ta ga dama ba. Ku duba, daga ɗakin da ya yi suna da jel mai jin MMP wannan ya fito. Faibirobilas mai yawo ce, tana buƙatar yanka. Wata ƙwayar idan ka ba ta wuƙa sai ta rushe abin da take tsaye a kai.

Usman: Malamai, na ga bidiyon wani ɗan manne mai ƙananan allurai da aka ce yana sakin insulin idan suga ya hau. Shi ma cikin wannan yake?

Hajiya Rabi: Dangi ne, amma a juye. A can enzayim ɗin ba na jiki ba ne, an dasa shi ne a cikin kayan. Gulukos oksides sunansa, yana mayar da suga zuwa gulukonik asid, yana cin iskar oksijin, yana fitar da haidirojin feroksaid. Tsamin ko ƙarancin oksijin ɗin ne ke buɗe ma'ajiyar. Tun shekarun 1980 ake gwada shi a jel, ɗakin Zhen Gu kuma ya fitar da mai ƙananan allurai a 2015, a ɓeraye. Matsalolinsa sanannu ne: feroksaid yana ƙona nama sai an haɗa da katales, oksijin a ƙarƙashin fata kaɗan ne, enzayim ɗin yana gajiya. Ga kuma jinkiri. Idan ya makara wajen rufewa, suga ya faɗi ƙasa, kuma wannan na iya kisa cikin sa'o'i. Insulin ba ya yafe kuskuren adadi, shi ya sa har yau ba a fara rubuta wa majiyyata irin wannan ba.

Malam Nasiru: A ƙara da cewa enzayim ba rushewa kaɗai yake yi ba, yana gini. A 2004 Bing Xu ya nuna ƙaramin ƙwayar sinadari mai fosfet a jiki da ke narke a ruwa, da alkalin fosfates ya cire fosfet ɗin sai su jeru su zama zaruruwa, ruwan ya daskare ya zama jel. Wasu ƙwayoyin kansa suna da wannan enzayim da yawa, ana binciken yadda zaruruwan za su taru a kansu kawai.

Amma in koma ga Dakta Aminu, domin a nan gizo ke saƙar. Ina ganin amsar ita ce kada a yi jel mai ƙofa ɗaya. A yi masa biyu: ɗaya ciwo ke buɗewa, ɗaya a hannun likita. Kuma akwai misalinsa a asibiti yanzu haka. Jel ɗin hayaluronik asid da ake cika fata da shi, idan ya toshe jijiyar jini, likita yana yin allurar hayaluronides ya narkar da shi nan take. Wannan ne ma ya sa aka fi natsuwa da shi a kan sauran abubuwan cika fata.

Dakta Aminu: Malam, narkarwa tana da kyau idan jel ɗin ne matsalar. Idan maganin da ke ciki ne matsalar, ka narkar da shi ka juye mini duka a lokaci guda. Abin da nake so shi ne in iya zuƙe shi, ko in kulle shi, ko a ce maganin ɗaure yake a jikin gutsattsarin ta yadda ko sun watse bai farka ba. Idan kuwa za a fara da mutane, ni da gyambo zan fara. Gyambon mai ciwon suga cike yake da MMP-9 da ilastes, a waje yake, ina ganinsa da idona, kuma idan ban gamsu ba in ɗaye bandejin in wanke.

Hajiya Rabi: Wannan na goyi baya. A ƙara da abin da ba a cika faɗa ba: feftayid ba ya son zafin da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi, haske mai ƙarfi ma yana iya taɓa ragar, sannan akwai mutanen da jininsu ke ɗauke da antibodi masu gane PEG. Duk waɗannan sai an warware su kafin a zo maganar kwali da ranar lalacewa.

Dakta Zainab: Ƙofa ta biyun nan da Malam Nasiru ya ambata, mu a reno mun riga mun same ta. Idan ka gama gwaji kana son ƙwayoyinka, ka zuba tirifsin ko kolajines, suna narkar da jel ɗin amma suna aske furotin da ke fatar ƙwayar da waɗanda ta fitar, wato abin da kake son aunawa. Ɗakin Linda Griffith a MIT ya yi amfani da sotes A, enzayim na bakteriyar Staphylococcus aureus, wanda ke neman jerin LPXTG. Jerin nan da wuya ka same shi a furotin ɗin mutum. Sai a sa shi a ƙullin kusa da wurin yankan MMP. Ƙwaya na amfani da nata kullum, kai kuma ranar da ka shirya ka zuba sotes, cikin mintuna jel ya narke ƙwayoyin su fito ba a taɓa su ba.

Bilkisu: Allah ya ƙara ilimi. To zan sayo feftayid mai sistin, amino asid ɗin da ke kama PEG, a kowane gefe. Akwai abin da zan kiyaye wajen haɗawa?

Malam Nasiru: Sistin ɗin nan yana saurin haɗewa da ɗan'uwansa idan ya sha iska, sai ki ga jel ya ƙi kamawa ko ya fito ruwa-ruwa. Ki narka shi lokacin da za ki yi amfani da shi, ki auna tayol ɗin da ya rage, wato hannun sistin mai kama PEG, da gwajin Ellman kafin ki yi lissafi. RGD ma yana cin hannayen PEG, ki cire su daga lissafin ƙulli. Idan maleyimaid ne a bakin PEG ɗinki, yana kamawa cikin daƙiƙoƙi, kafin ki gama juyawa wani gefen ya yi tauri wani bai yi ba. Ki ɗan rage pH ko ki koma bainil salfon da ke ba ki mintuna.

Dakta Zainab: Daga ɓangaren ƙwaya kuma: ki yi jel na biyu da feftayid mai haruffa iri ɗaya amma a hargitse, na uku kuma ki zuba masa GM6001 mai toshe MMP. Idan sun miƙe a na farko suka ƙi a sauran biyun, kin tabbatar yankan ne. Ki tuna ruwan jinin da kike sawa a abincin reno yana ɗauke da alfa-2-makroglobulin, shi ma yana kama MMP, don haka kada ki sauya adadinsa tsakanin gwaji da gwaji. Kuma ki yi ɗigon jel ɗin siriri. A nama mai cunkoso oksijin ba ya wuce maikiromita 100 zuwa 200 daga jijiya, jel mai ƙarancin ƙwayoyi ya fi haka sauƙi, amma idan ya yi kauri za ki ga na tsakiya sun dunƙule ki ɗora wa feftayid laifi alhali iska ce ba ta kai musu ba. Ki fara da jel mai laushi, ki ɗauki hoto kullum, ki turo mana na rana ta uku.